Jiha guda, kujera guda: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen ɗan majalisar wakilai na Alaska

A kowane zaɓen Amurka, bayan an tattara sakamakon yawancin jihohi, sai ka ji masu labarai na cewa har yanzu ana jiran Alaska. Kwana goma su wuce, mako biyu ya cika, kujera ɗaya tak ce amma ba a san mai ita ba. Masu bibiyar siyasar ƙasar ta rediyo da waya sukan maimaita tambayoyi iri ɗaya a kan wannan kujera, ga su nan da amsoshinsu.

Me ake nufi da jiha mai kujera ɗaya?

Majalisar dokokin tarayyar Amurka gida biyu ce. A Majalisar Dattawa kowace jiha sanata biyu gare ta, babba ce ko ƙarama, jimilla 100. A Majalisar Wakilai kuwa kujeru 435 ne, kuma da yawan jama'a ake rabon su. Bayan kowace shekara goma a yi ƙidaya, a sake lissafi, wata jiha ta samu ƙari, wata a rage mata. Tsarin mulki ya ce komai ƙanƙantar jiha ba za ta tashi hannu rabbana ba, dole a ba ta aƙalla kujera ɗaya.

Idan jiha ta tsaya a ɗaya, to ba a yanka ta zuwa mazaɓu. Jihar gaba ɗayanta ita ce mazaɓar, kuma mutanen da ke zaɓen gwamna da sanata su ne dai ke zaɓen ɗan majalisar wakilan. Abin mamakin shi ne irin wannan jiha sanatocinta sun fi 'yan majalisar wakilanta yawa: biyu da ɗaya.

Jihohi nawa ne haka, kuma waɗanne ne?

Shida ne tun bayan ƙidayar 2020: Alaska, Wyoming, Vermont, Delaware, Dakota ta Arewa da Dakota ta Kudu. Da bakwai ne, sai Montana ta samu kujera ta biyu ta fice daga sahun a 2023, bayan shekara talatin tana da wakili ɗaya. Wyoming ce mafi ƙarancin jama'a, mutum 576,851, Delaware kuma ta kusa miliyan ɗaya, da 989,948. Alaska na tsakiya da 733,391, wanda bai yi nisa da matsakaicin mazaɓa a faɗin ƙasar ba, wato kimanin mutum 761,000.

Ka ga ke nan ba duka aka zama ɗaya ba. Wakilin Delaware yana ɗauke da mutanen da suka kusa ninka na wakilin Wyoming, amma ƙuri'arsu a zauren majalisa nauyinta ɗaya.

Akwai makamancin wannan a Najeriya?

A Majalisar Wakilai babu. Kujeru 360 ne, kuma jihohi mafi ƙarancin kaso, irin su Bayelsa da Nasarawa, suna da biyar-biyar, yayin da Kano da Legas ke da 24 kowacce. Inda abin ya ɗan yi kama shi ne Babban Birnin Tarayya a Majalisar Dattawa: kowace jiha sanata uku, Abuja kuwa ɗaya, shi ya sa adadin ya zama 109. Wanda ya san yadda takarar sanatan Abuja ke haɗa mutanen Maitama da na ƙauyukan Kwali da Abaji a kan kujera guda, ya fara hango matsalar ɗan takarar Alaska, sai dai tasa ta fi girma nesa ba kusa ba. Wani bambancin shi ne wa'adi: shekara huɗu a Najeriya, biyu kacal a Majalisar Wakilan Amurka.

To me ya sa Alaska ta fi sauran biyar ɗin jan hankali?

Na farko girmanta. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato ta kusa ninka Najeriya, amma kusan kashi biyu cikin biyar na mutanenta a birnin Anchorage suke. Babban birnin jihar, Juneau, babu titin mota da ya haɗa shi da sauran garuruwa, sai ta jirgin sama ko na ruwa. Haka ma Bethel da Nome da ƙauyuka masu ɗimbin yawa na 'yan asalin ƙasar. Ɗan takarar da ke son ganin masu zaɓensa ido da ido sai ya hau ƙaramin jirgi mai cin mutum kaɗan, ya sauka a filin tsakuwa, wani lokaci hazo ya tsare shi kwana biyu a garin da bai kai mutum ɗari biyar ba.

Na biyu mutanenta. Sama da rabin masu rajistar zaɓe ba su rubuta kansu a ƙarƙashin wata jam'iyya ba. Jihar takan bi Republican a zaɓen shugaban ƙasa, amma a sauran kujeru mutane kan duba mutum kafin tuta. Na uku kuma, wanda shi ne ya fi kawo ce-ce-ku-ce, shi ne tsarin ƙuri'ar da ta ɗauka a 2020, wanda aka yi bayaninsa a ƙasa a amsar yadda ake zaɓen yanzu.

Wa ya riƙe kujerar a baya?

Alaska ta zama jiha a Janairun 1959, kuma daga nan zuwa yau kusan labarin mutum ɗaya ne: Don Young. Yadda ya hau kujerar ma abin al'ajabi ne. A ranar 16 ga Oktoban 1972, ana tsaka da yaƙin neman zaɓe, ɗan majalisar da ke kai, Nick Begich na Democrat, ya hau ƙaramin jirgi daga Anchorage zuwa Juneau tare da Hale Boggs, shugaban masu rinjaye na Majalisar Wakilai. Jirgin ya ɓace, har yau ba a ga ko tarkacensa ba. Sunan Begich na kan takardar ƙuri'a, aka yi zaɓe a Nuwamba, mutumin da ba a san inda yake ba ya kayar da Young. Sai da aka ayyana shi a matsayin mamaci sannan aka yi zaɓen cike gurbi a Maris ɗin 1973, Young ya samu nasara.

Daga nan ya zauna daram shekara 49. Tsohon malamin makaranta ne kuma matuƙin jirgin ruwa daga Fort Yukon, mai kaifin baki, wanda ya shahara wajen jawo wa jiharsa kuɗin tituna da tashoshin ruwa. A shekararsa ta farko aka zartar da dokar shimfiɗa bututun man da ya tashi daga Prudhoe Bay zuwa Valdez, mai tsawon kusan kilomita 1,300. Babu ɗan Republican da ya kai shi daɗewa a majalisar. Ya rasu ranar 18 ga Maris 2022 yana da shekara 88, shi ma a cikin jirgin sama, a hanyarsa ta komawa gida.

Daɗewar tasa ba son mulki kaɗai ba ne. Jihar da wakilinta ɗaya ne cikin 435 ba ta da ƙarfin yawa, sai ƙarfin girma, domin a majalisar Amurka daɗewa ce ke kai mutum ga shugabancin kwamiti. Masu zaɓe da dama da ba sa jin daɗin bakinsa sun ci gaba da mayar da shi saboda wannan lissafin.

Idan mai kujerar ya rasu, gwamna ne ke naɗa wani?

A'a. Kujerar Majalisar Wakilai ba a cike ta da naɗi, tsarin mulki ya ce sai an yi zaɓe. A Majalisar Dattawa ne jihohi da yawa suka bai wa gwamna damar naɗa na riƙo. Shi ya sa rasuwar Young ta bar Alaska babu murya ko ɗaya a Majalisar Wakilai daga Maris har zuwa 13 ga Satumban 2022, kusan wata shida. Jiha mai wakilai goma idan ta rasa ɗaya tana da tara. Mai ɗaya kuwa ta zama ba ta da kowa.

Yaya ake yin zaɓen a yanzu?

Mataki biyu ne. A zaɓen share fage na watan Agusta, ba jam'iyya ce ke fitar da gwaninta ita kaɗai ba. Ana zuba duk 'yan takara, na kowace jam'iyya da marasa jam'iyya, a takarda ɗaya, kowane mai zaɓe ya ɗauki ɗaya. Huɗun da suka fi ƙuri'a su ne ke wucewa babban zaɓen Nuwamba, ko da biyu ko uku daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne.

A babban zaɓen, maimakon ka dangwala wa mutum ɗaya ka tafi, sai ka jeranta su: wannan ne na farko a wurina, idan bai samu ba ga na biyu, ga na uku. Ana fara ƙirga zaɓin farko. Wanda ya haura rabi ya ci, magana ta ƙare. Idan babu, sai a cire na ƙarshe, a ɗauki takardun waɗanda suka zaɓe shi a duba wa suka sa a na biyu, a mayar masa da ƙuri'un. Haka za a yi ta yi har mutum biyu su rage. Kamar a aiki yaro kasuwa ne a ce masa ya sayo tsire, in babu ya sayo balangu, in shi ma babu to kilishi. Ba sai ya dawo gida ya sake tambaya ba. Ba dole ne ka jeranta kowa ba, amma idan ka tsaya a mutum ɗaya aka kuma cire shi, takardarka ta fita daga lissafin zagaye na gaba.

Mutanen jihar ne da kansu suka amince da wannan tsari a ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamban 2020, da ratar da ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba.

Me ya faru a zaɓen cike gurbi na 2022 da har ake ta maganarsa?

Shi ne karon farko da aka gwada sabon tsarin, kuma da yake kujerar ta yi kusan rabin ƙarni ba ta zama fanko ba, kowa ya fito. Mutum 48 ne suka shiga zaɓen share fage na 11 ga Yuni, wanda aka yi ta gidan waya. Har da wani kansila daga garin North Pole da sunansa a hukumance Santa Claus. Sarah Palin, tsohuwar gwamna wadda ta yi wa John McCain takarar mataimakiyar shugaban ƙasa a 2008, ita ta zo ta ɗaya. Sai Nick Begich a na biyu, jikan wancan mai sunan da ya ɓace a jirgi, amma shi ɗan Republican ne. Sai Al Gross marar jam'iyya, sannan Mary Peltola ta Democrat a ta huɗu da kusan kashi 10 cikin ɗari. Gross ya janye, kotu kuma ta ce lokacin maye gurbinsa ya wuce, aka tafi da uku.

An kaɗa ƙuri'a ranar 16 ga Agusta. A ƙirgar farko Peltola ta samu kimanin kashi 40, Palin 31, Begich 28. Aka cire Begich. Daga cikin masu zaɓensa, 27,053 sun sa Palin a na biyu, 15,467 sun tsallaka jam'iyya sun sa Peltola, sama da 11,000 kuma ba su sa kowa ba. Ƙarshe Peltola ta tashi da 91,266, Palin 86,026. An bayyana sakamakon ranar 31 ga Agusta, ranar da Peltola ta cika shekara 49.

'Yar ƙabilar Yup'ik ce da ta tashi a yankin kogin Kuskokwim, ta yi shekara goma a majalisar jiha tana wakiltar Bethel. Ita ce 'yar asalin Alaska ta farko da ta shiga majalisar tarayya, mace ta farko a wannan kujera, kuma 'yar Democrat ta farko tun 1972. A Nuwamban shekarar aka sake karawa don cikakken wa'adi, ta sake kayar da su biyun, wannan karon da kusan kashi 55 a zagayen ƙarshe.

'Yan Republican biyu sun haɗa kusan kashi 60, amma 'yar Democrat ta ci. Ba maguɗi ba ne wannan?

Ba maguɗi ba ne, kuma lissafin na buɗe ga kowa. Masu wannan ƙorafi suna ɗauka cewa duk wanda ya zaɓi Begich na Palin ne idan Begich ya faɗi. Takardun ƙuri'a sun nuna ba haka ba: rabinsu ne kawai suka bi ta. Mutane da yawa a jihar ba su manta ta ajiye muƙamin gwamna a 2009 wa'adinta bai ƙare ba. Su biyun kuma sun shafe yaƙin neman zaɓen suna caccakar juna, ita kuwa Peltola ta ƙi zagin kowa. Wanda ka gama zagin gwaninsa da wuya ya rubuta sunanka a na biyu. Kuma ko da tsohon tsari ne na mai rinjaye ya ɗauka, a tsakanin waɗannan ukun Peltola ce kan gaba tun ƙirgar farko.

Sai dai akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma a ganina masu kare tsarin sun cika saurin kawar da kai daga gare ta. Da aka fitar da bayanan takardun, masu nazari sun gano cewa da Begich ne ya kara da Peltola su biyu, da ya kayar da ita. Da ya kara da Palin ma su biyu, da ya kayar da ita. Mutumin da zai iya doke kowannensu ɗaya bayan ɗaya shi aka fara cirewa, saboda yawanci na biyun mutane ne, ba na farkonsu ba. Wannan rauni ne na gaske a tsarin, kuma ɗan tsakiyar da aka ce an kawo tsarin don a taimake shi, shi ya fara cinyewa. Abin da ya biyo baya na cikin amsar zaɓen 2024.

Me ya sa sakamakon ke ɗaukar mako biyu?

Ba ƙirgar ce ke da wuya ba, kwamfuta kan gama zagayen cikin daƙiƙoƙi. Jiran takardu ake yi. Dokar jihar ta ce ƙuri'ar da aka aiko ta gidan waya tana da inganci muddin an buga mata hatimi a ranar zaɓe ko kafinta, kuma ta iso cikin kwana goma, ko goma sha biyar a babban zaɓe idan daga ƙasar waje take. A jihar da wasiƙa ke jiran jirgi, jirgi kuma ke jiran sararin sama ya washe, wannan ba gata ba ne. Kuma da yake ƙuri'u kaɗan na iya sauya wanda ya zo na ƙarshe, ba a fara cire kowa sai duk takardu sun hallara. Kafin nan hukumar zaɓe na fitar da ƙirgar zaɓin farko kawai.

Waɗanne batutuwa ne ke raba 'yan takara?

Kifi da mai. Baƙo zai yi dariya, amma taken Peltola da kifi ya fara, sannan iyali da 'yanci. A ƙauyukan kogin Yukon da Kuskokwim kifin salmon shi ne hatsi: a kama da rani, a yanka, a shanya a rumfa, a kyafe, a ci har hunturu ya fita. A 'yan shekarun nan kifin ya ragu matuƙa har hukuma ta riƙa hana kamu, rumfuna suka zauna babu komai. Mutanen yankin na zargin manyan jiragen kamun kifi na tekun Bering da ke kwaso salmon cikin komarsu alhali wani kifin suka fita nema. Dokokin kamun kifi a wannan teku na tarayya ne, don haka maganar kai tsaye take zuwa teburin wakilin.

Mai kuwa shi ne jigon kuɗin jihar, har akwai asusun da ake raba wa kowane mazaunin jihar ribarsa duk shekara tun 1982. A 2022 kowa ya karɓi dala 3,284. Shi ya sa ko 'yar Democrat ba ta wasa da shi. Peltola ta haɗa kai da sanatocin jihar biyu 'yan Republican wajen matsa wa gwamnatin Biden ta amince da aikin haƙar mai na Willow, aka kuma amince a Maris ɗin 2023, duk da adawar masu fafutukar muhalli na jam'iyyarta.

To a 2024 fa?

'Yan Republican sun koyi darasi. Bayan zaɓen share fage, mataimakiyar gwamna Nancy Dahlstrom, wadda ta zo ta uku kuma Trump ya mara mata baya, ta janye don kada a sake raba ƙuri'a tsakaninta da Begich. Na huɗu ma ya janye. Wannan ya jawo na biyar da na shida suka hau takarda: shugaban wata jam'iyya mai ra'ayin 'yancin kan Alaska, da wani ɗan Democrat da ke zaman gidan yari a jihar New York wanda bai taɓa zama a Alaska ba. Jam'iyyarsa ta je kotu a cire shi, kotu ta ƙi, domin tsarin mulki ya ce sai a lokacin da aka zaɓi mutum ne ake buƙatar ya zama mazaunin jihar. Sauran sharuɗɗan biyu ne kawai: shekara 25, da zama ɗan ƙasa na shekara bakwai.

Begich ya ci da kimanin kashi 51 a zagayen ƙarshe, Peltola 49, a shekarar da Trump ya lashe jihar da ratar kusan maki 13. Kujerar da kakansa ya bari a 1972 ta koma hannun jika, a ƙarƙashin wata tutar. A wannan rana kuma aka sake tambayar mutane ko a soke tsarin jerantawar. Ya tsira da ƙyar, da ratar da ba ta kai ƙuri'a 750 ba bayan an sake ƙirga, cikin sama da 300,000.

Sauran jihohi masu kujera ɗaya ma haka suke yi?

A'a, su tsohon tsari suke bi: kowace jam'iyya ta fitar da gwaninta, mai rinjaye a Nuwamba ya ɗauka. Da yake yawancinsu jam'iyya ɗaya ce ke da ƙarfi, ainihin faɗan a zaɓen fidda gwani yake. Misali mafi kusa ya faru ne a ranar da Peltola ta tsaya zaɓenta, 16 ga Agustan 2022. A Wyoming, Liz Cheney, wadda ta juya wa Trump baya kan harin da magoya bayansa suka kai ginin majalisar tarayya ranar 6 ga Janairun 2021, ta sha kaye a hannun Harriet Hageman da kusan kashi 66 da 29, a kujerar da mahaifinta Dick Cheney ya riƙe daga 1979 zuwa 1989. A Vermont kuma, Bernie Sanders ya riƙe kujerar shekara 16 ba tare da jam'iyya ba kafin ya koma Majalisar Dattawa a 2007.

Abu ɗaya da dukkansu suka huta da shi shi ne rikicin shata mazaɓu. A manyan jihohi jam'iyya mai mulki kan zana iyakoki yadda za su fifita ta, a yi ta shari'a shekara da shekaru. Inda iyakar mazaɓa ita ce iyakar jiha, babu abin zanawa.

Ƙuri'a ɗaya cikin 435, wane tasiri za ta yi?

A 'yan shekarun nan rinjaye a majalisar kan tsaya ne a kan kujeru ƙalilan, shi ya sa jam'iyyun biyu ke zuba miliyoyin daloli a Alaska kamar wata babbar jiha. Sannan kujerar na shiga lissafin zaɓen shugaban ƙasa: kowace jiha na samun wakilan zaɓe, wato waɗanda ƙuri'unsu ke tabbatar da shugaban ƙasa, daidai da adadin sanatocinta da 'yan majalisar wakilanta, don haka jihohin nan shida uku-uku gare su.

Akwai kuma wani tanadi da mutane kan manta da shi. Idan babu ɗan takarar shugaban ƙasa da ya samu wakilan zaɓe 270, Majalisar Wakilai ce za ta zaɓa, kuma a wannan zaman kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta. Wakilan California 52 za su zauna su daidaita su fitar da ƙuri'a guda, wakilin Alaska kuwa shi kaɗai zai yanke tasa, nauyinsu ɗaya. Rabon da a yi haka tun Fabrairun 1825, lokacin da majalisar ta zaɓi John Quincy Adams duk da cewa Andrew Jackson ya fi shi ƙuri'un jama'a da na wakilan zaɓe.